Ƙwayoyin Bitamin: Lissafin Riba da Hasara

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta, Bè-Kpota, Lome



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana zagayowar wannan rana da rai da lafiya. Muna gaida iyayenmu sarakunan zango, da limamai da malamai, da shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa. Muna gaida Alhazai da Hajiyoyi, da direbobi da yaran mota, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Aflawo, Kwatano, Sinkase da Kumasi don su raba wannan farin ciki da mu. Sannunku da zuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin wannan shekara, Allah Ya jiƙansu, Ya albarkaci bayansu.

Iyayenmu, a yi mana afuwa. Kun saba idan muka miƙe, maganar kuɗin wata-wata ce da takardun duwan. Yau kwamiti ya ɗora mana wata magana dabam, kuma mu ba likitoci ba ne, karatunmu a sakandare ya tsaya. Abin da ya ba mu bakin magana shi ne littafin asusun taimako da ke hannunmu. Duk ɗan ƙungiyar da ciwo ya kayar, takardunsa na asibiti ta teburinmu suke bi kafin a fitar da kuɗi. Yawan ganinsu ya sa muka fara tambayar ma'aikatan lafiya da masu farmasi, muka kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da muka samo shi muka kawo muku.

Abin da littafin ya nuna mana

Akwai wani uba namu da ya shekara yana fama da kasala da jiri da ciwon ƙeya. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da kwalbar bitamin 'yar waje, wadda ta fi jaka goma. Yana sha yana cewa gajiyar hanya ce. Ranar da ya faɗi a tasha aka kai shi asibiti, sai aka tarar hawan jini ne ya daɗe yana cin sa, har ya taɓa masa ɓari ɗaya. Da muka je duba shi, kwalaben suna jere a kan teburin ɗakinsa. Ƙwayar ba ta sa masa ciwon ba, amma ita ta kwantar masa da hankali har ya ƙi zuwa a auna shi. Awon da zai tona ciwon ba ya cin minti biyar.

A cikin watannin nan kuma wata ƙanwarmu ta haihu, jini ya yi mata ƙaranci, sai da aka nemi masu ba da jini cikin dare. Ashe ƙwayoyin ƙarin jinin da aka rubuta mata wurin awo ta ajiye su ƙarƙashin katifa, wai suna tayar mata da zuciya, kuma an ce mata suna sa ɗa ya yi girma ya ƙi fita.

Ku duba waɗannan mutum biyu. Ɗaya ya sha abin da jikinsa bai nema ba, ɗaya ta ƙi shan abin da jikinta ke nema. Su duka asusunku ne ya ɗauki nauyinsu, kuma su duka sun kusa rasa rai. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: wa ke bukatar bitamin, wane iri, kuma nawa?

Mene ne bitamin

Bitamin wasu sinadarai ne da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan don ya yi aikinsa, kuma mafi yawansu daga abinci yake samun su. An sa musu haruffa: A, dangin B, C, D, E da K. Akwai kuma ma'adinai da ake haɗawa da su a kwalba ɗaya, kamar ƙarfen da ke gina jini, da kalsiyam mai gina ƙashi, da zinki, da aidin na gishiri.

Mu mutanen mudu da sikeli ne, to mu ɗauke shi a matsayin ciko. Idan mudu bai cika ba, hannu ɗaya na hatsi yana gyara ciniki. Idan ya riga ya cika, abin da ka ƙara ƙasa zai zube. Dangin B da C haka suke, suna narkewa a ruwa, rararsu tana fita a fitsari. Wannan fitsari mai launin rawaya sosai da mutum ke gani bayan ya sha, har ya ce magani na wanke shi, rarar B2 ce kawai take fita. Su kuwa A, D, E da K a mai suke narkewa, jiki yana tara su a hanta da kitse. Waɗannan sun fi kama da lodin mota: idan ya wuce ƙima, ba ya zubewa, sasi yake karyawa.

Inda ribar take

Akwai wuraren da amfanin bitamin ya tabbata, babu gardama, kuma abin mamaki mafi yawansu ba su da tsada.

Na farko shi ne bitamin A na yara. Kun san ma'aikatan da ke zagayawa gida-gida lokacin rigakafi suna matsa wa yaro ɗan kwanso a baki, shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ana so a maimaita kowane wata huɗu zuwa shida. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa laluben hanya da magariba, kuma shi ke sa ƙyanda da gudawa su fi kayar da yaro. An gwada abin a maƙwabtanmu, a yankin Navrongo na arewacin Gana, a kan yara fiye da 20,000. Sakamakon da ya fito a 1993 ya nuna mutuwar yaran da aka ba bitamin A ta ragu da kashi 19 cikin 100. Duk da haka a cikin zangonmu akwai gidajen da ake rufe ƙofa idan an hango masu wannan aiki. Wanda ya kore su kuma ya tafi ya sayi kwalbar jaka goma don kansa, ya saki reshe ya kama ganye.

Na biyu mata masu ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kowace rana. Ƙarfen yana tare ƙarancin jini, wanda ke sa zubar jinin haihuwa ta fi haɗari. Folik asid kuma yana kare jariri daga wata naƙasa ta ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, kuma wani babban gwaji da aka buga a Ingila a 1991 ya tabbatar da haka. Sai dai wannan sashe na jikin jariri a cikin watan farko yake haɗuwa, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Don haka wadda ke sa ran ɗaukar ciki gara ta fara tun kafin. Ƙwayar ƙarfe takan sa bayan-gida ya yi baƙi, takan kawo tashin zuciya ko taurin ciki. Wannan sananne ne, kuma ungozoma za ta iya canja lokacin sha ko irin ƙwayar. Hajiyoyinmu, ku ne surukai, ku ne kakanni, maganarku ta fi ta likita shiga kunnen amarya. Ku taimaka a daina ɓoye ƙwayar nan ƙarƙashin katifa.

Na uku waɗanda likita ya gano wani giɓi a jikinsu. Mai sikila ana rubuta masa folik asid. Mai shan maganin tarin fuka ana haɗa masa da B6 don kada maganin ya taɓa jijiyoyinsa. Mai ciwon suga da ya shekara da shekaru yana shan metformin, B12 ɗinsa kan ragu, ana aunawa a cika masa. Yaro mai gudawa ana ba shi zinki na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da suga. A duk waɗannan an san abin da ya rage, an san abin da za a zuba.

Ko gano giɓin ma yana son masani. Yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, a ƙasashen sanyi rashin bitamin D ne yakan jawo, saboda ƙarancin rana. Amma da likitoci suka bincika a Jos suka buga sakamako a 1999, sai suka tarar yaran can kalsiyam ne suka fi rasa a abincinsu, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ciwo iri ɗaya a ido, dalili dabam. Mai tebur a tasha ba zai iya bambance wannan ba.

Inda kuɗi ke tafiya banza

Yanzu mu zo kanmu, manya masu cin abinci sau biyu ko uku a rana, waɗanda ke shan ƙwayar don kada ciwon zuciya ko sankara su same su. Turawa sun kashe dukiya mai yawa suna neman amsar wannan. A Amurka an bi likitoci maza fiye da 14,000 sama da shekara goma, rabi suna shan bitamin mai haɗe-haɗe kullum, rabi suna shan ƙwayar da ba kome a ciki. A 2012 aka ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba. Sankara ta ɗan ragu, da kashi 8 cikin 100. Wani gwajin na mutum fiye da 25,000 a kan bitamin D ya fito a 2018, shi ma bai nuna raguwar kamuwa da sankara ko ciwon zuciya ba. A 2022 kwamitin masana da ke ba Amurka shawara kan rigakafin cututtuka ya tattara duk binciken, ya ce hujjar da ke akwai ba ta isa a ce wa mai lafiya ya sha bitamin mai haɗe-haɗe don kauce wa waɗannan cututtuka biyu ba.

Za a iya cewa ai waɗancan mutane ne masu ƙoshi, mu kuwa cimarmu ba irin tasu ba ce. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Tun da aka rufe hanyar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kayan Yamai suka koma bi ta Sinkase da Burkina, direba yakan yi makonni yana jiran ayari, abincinsa burodi da shayi da garin rogo. Irin wannan mutum yana iya samun giɓi na gaske, kuma ƙwaya ɗaya ta bitamin mai haɗe-haɗe a rana, wadda aka saya a farmasi, ba a san ta da cutarwa ba. Amma kada ya ɗauka ta zama masa garkuwa. Ba ta hana zazzaɓin sauro, gidan sauro ke yin wannan. Ba ta sauke hawan jini, ba ta rage suga, ba ta biyan bashin barci.

Kun tuna lokacin korona, daga Maris na 2020 da aka rufe iyakoki, yadda bitamin C da zinki suka yi tsada kamar zinariya. Binciken da aka tara shekaru da yawa ya nuna bitamin C ba ya hana yawancin mutane kamuwa ko da mura ce, sai dai ya ɗan rage kwanakinta ga mai shan sa kullum. Abin da jiki ke nema a rana bai kai miligiram 100 ba, gwaiba ɗaya ko lemu biyu sun biya. Ƙwayar da ake jefawa a ruwa tana tafasa sau da yawa miligiram 1,000 ce. Ku yi lissafin rarar da kanku.

Inda hasara ta wuce ta kuɗi

Da a ce kuɗi kawai ake rasawa, da da sauƙi. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 wasu ƙwayoyi, ana fatan su kare su daga sankarar huhu. A 1994 aka tarar waɗanda suka sha beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da sankarar da kashi 18 cikin 100. Wani gwaji irinsa a Amurka sai da aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don ƙarin ya kai kashi 28. Haka bitamin E: gwajin maza fiye da 35,000 ya nuna a 2011 cewa masu shan sa sun fi kamuwa da sankarar furosta, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Masanan da suka shirya waɗannan gwaje-gwaje alheri suka zata, sai sikeli ya nuna musu akasin haka. Matasanmu masu busa sigari, wannan ta shafe ku kai tsaye.

Ga wadda ta fi kusa da mu. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi yawa kamar nan, an ba yara fiye da 24,000 ƙarfe da folik asid ko ƙwayar banza. Dole aka dakatar da ba da ƙarfen, kuma rahoton 2006 ya nuna yaran da suka sha sun fi kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. Shi ya sa yanzu ake cewa a wurin da ke da zazzaɓin sauro, ƙarfen yara ya tafi tare da rigakafin zazzaɓin da maganinsa. Uwa ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari, ta aika a sayo siron ƙarin jini, alhali zazzaɓi ne ke fasa jinin, ko tsutsar ciki ke tsotsewa, ko sikila ce. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini ma ƙarfe yawa yake yi masa. Kuma ƙwayar ƙarfen manya, ja mai santsi kamar alewa, idan ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. A ajiye ta inda hannunsa ba ya kai.

Bitamin A mai ceton yara, idan mai ciki ta sha mai yawa yana iya naƙasa abin da ke cikinta, kuma yawansa na lalata hanta. A yankinmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Bitamin D da ya wuce ƙima yana tara kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Bitamin C fiye da miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa, yana kuma taimaka wa tsakuwar ƙoda. B6 mai yawa na tsawon watanni yana sa hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, mutum ya ce sanyi ne, ya ƙara wata ƙwayar. Waɗanda ake jefawa a ruwa kuma da yawansu suna ɗauke da sinadarin gishiri, wanda mai hawan jini aka ce ya rage.

Yadda aka fi wuce ƙima shi ne ta haɗe-haɗe. Mutum yana shan ƙwaya da safe, siro da rana, wani garin da aka kawo masa tsaraba da dare, bai san abu ɗaya ne ke cikin duka ukun ba. Wani lokaci kuma ƙwayar tana karo da maganin gaske. Ƙarfe da kalsiyam da zinki suna hana jiki tsotse wasu magungunan kashe ƙwayar cuta, kamar ciprofloxacin da tetracycline, idan an haɗa su lokaci ɗaya. Mai shan maganin tsinka jini kuwa kada ya taɓa kowane bitamin sai ya tambayi likitansa.

Sai allurar bitamin da ƙarin ruwan da ake yi wa mutane a ɗaki bayan sun dawo tafiya, wai don a mayar da ƙarfi. Wanda ke iya ci da sha ba ya bukatar a huda masa jijiya. Allurar da ba a tabbatar da tsabtarta ba hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Abin da ake kira bitamin alhali ba shi ba ne

Iyaye mata, ku gafarce mu, za mu taɓa maganar sha-ka-fashe. Siro da ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, ana sayar da su da sunan bitamin, wasu ma an rubuta hakan a kwalin. Abin da ke aiki a ciki shi ne cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa da ke buɗe ciki ya kuma sa barci, ko dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki. Wannan na biyun idan aka daɗe ana sha yana kawo hawan jini da ciwon suga, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, kuma wanda ya saba da shi bai kamata ya yanke rana ɗaya ba sai da likita. Kumburi ne ake gani a ce yarinya ta yi kyau. Direban da ya sha siron buɗe ciki ya kama sitiyari kuma, barcin da zai ɗauke shi a hanyar Atakpame ba shi kaɗai zai shafa ba.

Mu da ke ɗauko kayan

Wannan ɓangare ya fi nauyi a bakinmu, amma gaskiya ɗaya ce. Ba masu sha kaɗai ne ke zaune a wannan rumfa ba. A cikinmu akwai masu saka katan biyu ko uku na ƙwayoyi a tsakanin atamfa da takalma, don kaya ne marar nauyi mai saurin fita. Mun san halin kasuwa, mun san abin da rufe iyakoki ya yi wa jarin mutane. Amma a sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. A nan Lome aka yi taron shugabannin ƙasashe a Janairun 2020, inda Togo, Gana, Nijar, Senegal, Gambiya, Uganda da Kongo suka ɗauki alkawarin tsananta hukunci a kan fataucin jabun magani. A Kano ma an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwarsu ta Dangwauro a 2024 don a iya sa ido a kansu. Wanda aka kama da irin wannan kaya, maganar ta wuce ta tara a duwan, kuma ƙungiya ba ta da bakin da za ta roƙa masa.

Ko kayan na gaske ne, a jikin kwalin an rubuta a ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. Katan da ya yi mako biyu ƙarƙashin tamfol a layin iyaka, sannan ya zauna a faranti cikin rana, Allah kaɗai Ya san abin da ya rage a cikinsa. Wadda za ta saya kuwa wataƙila mai ciki ce da ta dogara da shi. Mai atamfa idan ya sayar da jabu, zane ne zai koɗe. Wannan kuwa amanar rai ce, kuma malamanmu suna nan, sun fi mu sanin hukuncinta.

Abin da ke cikin tukunyarmu

Kafin a ƙera kwalba, Allah Ya riga Ya zuba mana waɗannan abubuwa a kasuwar Bè da Asigame. Manja, mangwaro, gwanda, karas, kabewa da dankali mai jan ciki suna ba da bitamin A. Zogale, alayyafo, lalo da ake kira ademe a nan, da gboma, suna da folik asid da ƙarfe. Wake, hanta, nama da kifi suna gina jini. Ƙananan kifin nan da ake ci da ƙayarsu, da nono da wagashi, suna da kalsiyam. Garin 'ya'yan kuka, gwaiba da lemu suna da bitamin C, kuma cin su tare da wake ko ganye yana taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu bayan abinci, musamman ga mai ciki. Man girki da fulawar da ke ɗauke da tambarin ENRICHI an riga an ƙara musu bitamin A ko ƙarfe da folik asid, gishiri mai aidin kuma yana hana maƙoƙo. Jaka goman da ke tafiya a kwalba ɗaya, idan aka miƙa wa uwargida ta ƙara a cefane, gidan duka ne zai amfana.

Roƙonmu ga taro

Muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, duk wanda ya ji kasala ko jiri da ya wuce mako biyu, ya je a auna masa hawan jini da suga da yawan jini kafin ya sayi kowace ƙwaya. Na biyu, mai ciki ta sha abin da aka rubuta mata wurin awo, kuma a buɗe wa masu ɗiga wa yara bitamin A ƙofa. Na uku, wanda zai sha bitamin ya saya a farmasi, ya duba ranar lalacewa, ya tsaya a kan iri ɗaya, kuma idan zai ga likita ya tafi da duk kwalaben da yake sha a leda ya nuna. Na huɗu, muna ba kwamiti shawara ya duba yiwuwar gayyato ma'aikacin lafiya a ranar taronmu na wata-wata ya riƙa auna hawan jinin duk wanda ya zo, a biya daga asusun taimako. A lissafinmu na masu riƙe da littafi, kuɗin awon shekara guda bai kai abin da muke kashewa a kwanciyar mutum ɗaya ba. Shawara ce, hukunci na wurin manya.

Uban nan namu da muka ambata yana samun sauƙi, har ya fara takawa da sanda. Shi ne ya ce mu faɗi labarinsa a gabanku, mu sakaya sunansa kawai. Mun isar da saƙonsa.

Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, masana da ke cikin taro su gyara mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya tsare matafiyanmu a kan hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya.